Harsashin da ban ga saukarsa ba

Orozo, Abuja.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa ka isa masaukinka ba tare da ko ƙwarzane ba. Zan cusa ta a aljihun jakarka, kusa da kwalbar yajin da Ummanka ta daka maka, don na san yajin za ka fara lalube. Ka yi mini uzuri da ban faɗa maka da baki ba. Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina gare ka, in na dube ka zan yi dogon zance sai harshena ya naɗe. An kuma ce can gandun dajin da aka tura ka waya ba ta kamawa sai an hau dutse, maganata kuwa ta fi ƙarfin a yi ta a tsaye.

Ranar da ka dawo daga horo, ka zauna a tabarma kana ba ƙannenka labarin bindigar da za a ba ku, ina daga ɗaki ina jin ka. Ka ce harsashinta yana riga ƙararta isa, wanda aka harba ba ya ma jin tashinta. Muryarka har rawa take don daɗi. Na gane muryar nan, domin na taɓa yin magana da ita. Aikin da ka samu na tsaron namun daji aiki ne mai kyau, na kuma yi alfahari da kakinka fiye da yadda na nuna. Amma in an tuɓe masa ado, ga abin da yake: za ka shiga ciyawa da bindiga kana neman mutum mai bindiga. Shi ya hana ni sakewa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni da adaka na fara. Kakanka ne ya ɗora mini ita a kafaɗa can ƙauyenmu a ƙasar Zazzau. Adaka bindiga ce mai nawa. Ka zuba albarushi ta baki, ka cusa tsumma, ka danna da sandar ƙarfe, ka jefa dalma, ka sake cusa tsumma. Da yatsu ake awon ɗurin: in ka zura sandar, sai ka ɗora yatsunka a kan abin da ya rage a waje ka ga yawansa. Awon gada daban, awon mazo daban. Kuskurena na farko rowa ce. Na rage albarushi don ya kai ni kasuwa ta gaba, na harbi mazo a gindin ɗorawa, dalmar ta isa a gajiye ta maƙale masa a kafaɗa. Ya juyo ya dube ni, sannan ya tafi yana ɗingishi. Kakanka bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in bi sawu, kada in dawo masa da labari. Na wuni ina bin ɗigon jini a kan ganye har ya ɓace mini a bakin rafi. Tun daga ranar na san rabin aiki ya fi rashin yi cutarwa, kuma wanda ya sha wuyarsa ba shi ne ya yi rowar ba.

Sai na koma ɗaya gefen. Na ɗura mata har ta ƙoshi, ina ganin in dalma ta fita da gudu magana ta ƙare. Da na ja kunama sai na tsinci kaina zaune daɓas cikin tofa, kafaɗata kamar ta aro, dalmar kuwa ta bi ta saman gada ta saro reshen kaɗanya. Gadar ma sai da ta tsaya ta ga abin da ya faɗo kafin ta wuce. Kakanka ya yi dariya har da hawaye, ya ce in gode wa Allah da bututun bai fashe mini a fuska ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne alherin da ke cikin nawar nan. Dalmar adaka ba ta nisa take gajiya ta faɗi, saboda haka dole ka matsa kusa. Ka cire takalmi, ka sa iska a fuskarka, ka ja ciki cikin raɓa har ka ga ƙudan da ke kan kunnen dabba, har ka ji tana tauna. Kafin ka kai nan ka riga ka san ko namiji ne ko mace, ko tana da ciki, ko akwai ɗanta kwance a gefe. Sau da yawa kafin in isa sha'awar harbin ta fita daga raina, in kwanta kawai ina kallo, rana tana ɗumama mini baya. Kakanka ya kuma koya mini in so dabbar da ta hau tudu ta tsaya, sama a bayanta, don a nan kake ganin ta ɗungurungum, babu ciyawar da za ta ruɗe ka. Bai taɓa ce mini in dubi abin da ke bayan tudun ba. Ba laifinsa ba ne, dalmar adaka ba ta taɓa kaiwa can.

Da na gama karatun safiyo, wato awon ƙasa, aka kawo ni Abuja, zamanin farar hula na wancan karon, kuɗin mai yana zuba, birnin kuma rabinsa yana kan takarda. Inda ka sani yanzu da Durumi da Gudu, ciyawa ce ta fi mutum tsawo, da ƙananan rafuka da sai ka ji su kafin ka gan su. Muna fita da sassafe mu auna ƙasa, mu kafa turakun siminti masu lamba. Da damina farin tururi yakan kwanta a cikin kwari, duwatsu su leƙo ta samansa, sai ka rasa inda ƙasa ta ƙare. Nakan tsaya da taswira a hannu in ga titi inda babu titi, in ga fitilu sun jeru inda zabin daji ke kiwo, har in ji ƙarar motocin da ba a ƙera ba tukuna. Ina saurayi a lokacin, ina ganin duk abin da ke tafiya a hankali ya kusa ƙarewa a duniya.

A nan ne wani Baturen kwangila da zai koma ƙasarsu ya bar mini bindigarsa ta farauta, doguwa, siririya, da madubin hango nesa a samanta. Na yi mata takardun izini, na rataye adakar kakanka a bayan ƙofa. Abokin aikina Bulus, mutumin Filato, wanda muke fita daji tare ran Asabar, ya juya ta a hannu ya yi fito.

Ya ce, "Oga, wannan ba bindiga ba ne, talgiram ne. Kafin nama ya ji labari, saƙo ya riga ya kai."

Gaskiyarsa. Da adaka akwai ɗan numfashi tsakanin jan kunama da tashin wuta, gada mai kunne takan ji ƙyas ɗin ta duƙa, dalma ta wuce. In kuma da ɗan nisa sai ka ɗaga bakin bindiga, don dalma faɗuwa take tun daga fitarta. Wannan kuwa babu ɗaga baki, babu jan ciki, babu cire takalmi. Inda ka ɗora gicciyen madubi nan harsashi zai je, a miƙe kamar zaren magina. Na daina sanin warin dabba. Na koma harbi daga inda na ga dama, wani lokaci ma ina jingine da mota, na kuma ɗauka hannuna ne ya ƙware.

Wata Asabar cikin tsakiyar damina muka zo nan gefen Orozo, lokacin gidajen ba su taka kara sun karya ba. An kwana ana ruwa, gari ya waye a wanke. Sai ga mazo ya hau tudu ya tsaya, jawur, da fararen zane a jikinsa, ƙahonsa a murɗe, sama fara tas a bayansa. Ba na jin na taɓa ganin abu mai kyau kamarsa. Tsayuwar da kakanka ya koya mini in jira ke nan. Na ɗora gicciye a bayan kafaɗarsa na ja kunama.

Bai faɗi ba. Ya ɗan girgiza jiki, ya sauka ta gefen tudu a hankali, ya shige ciyawa.

Bulus ya ce, "Haba oga, yau kuma talgiram bai kai ba?"

Ya kai. Da muka hau, mun same shi kwance ƙasa kaɗan da inda ya tsaya, da ƙaramin huji a wannan gefe, da ƙaramin huji a wancan. Harsashin mai tauri ne, saurinsa kuma ya yi wa ƙaramar dabba yawa. Ya shiga ya fita bai ko buɗe ba, ya ci gaba da tafiya da ragowar ƙarfinsa. Bulus yana murna yana neman wuƙa, ni kuwa na miƙe na tsaya inda mazon ya tsaya, na bi layin harbin da ido. Can ƙasa, tsallaken kwari, sai ga ruga: bukkoki, da hayaƙi yana tashi, da fararen shanu. Da nisa, amma awon ƙasa ne sana'ata, idona ya auna kafin zuciyata ta yarda. Rugar tana cikin inda harsashin zai iya kaiwa.

Na ga kamar mutane suna taruwa wajen bukka ɗaya. Ko tatsar nono ce, ko karin kumallo ne, ko wani abu ne dabam, tururi bai bar ni na tantance ba. Madubin yana hannuna, da zai kawo mini su kusa, amma kafin in duba ta cikinsa dole sai na nuna musu bakin bindiga, hannuna kuwa ya ƙi ɗaguwa.

Bulus ya lura da fuskata. Ya ce, "Oga, mu tafi. In da wani abu ai da mun ji ihu. Ga rafi ya cika, ba za mu iya wuce shi ba."

Na bi maganarsa domin ita nake so in ji. Sai da rafin ya janye bayan 'yan kwanaki na koma ni kaɗai. Na tarar babu kowa. Duwatsun murhu sun yi sanyi, ga kashin shanu, ga fasasshiyar ƙwarya, ga turakun maruƙa a tsaye. Na zagaya ina neman sabuwar ƙasa da aka tona, ban gani ba, amma ciyawa ta yi tsawo, kuma ruwa yana shafe abubuwa da yawa. Makiyayi bai cika tashi daga wuri mai ciyawa da ruwa a tsakiyar damina ba, sai da dalili.

Ka lura da kyau, Abba, kuskure biyu ne a nan. Na farko, na ɗauko ƙa'idar bindiga mai nawa na yi aiki da ita a kan mai sauri. Na biyu, ban sauka kwarin nan a ranar ba. Da na tuɓe riga na haye rafin, ko alheri ko akasinsa da na sani, da kuma na iya kai wani asibiti ko na nemi gafara ido da ido. In har abu ya fita daga hannunka, bi shi tun da ɗuminsa, ko da abin da za ka tarar zai ba ka tsoro.

Bindigar na mayar wa hukuma, wannan ka sani. Abin da wataƙila ba ka sani ba shi ne, a raina harsashin nan bai sauka ba har yau. Birni ya girma, titunan da na gani a taswira sun zama gaskiya, yanzu kuma an sake samun farar hula da kuɗi, ko'ina ka duba ana zuba kankare. Kwarin nan duk rufin kwano ne. Amma in na zauna a ƙofar gida da yamma, iska ta kwanta, sai in riƙa ganin sa yana tafe a hankali ta saman unguwa. Yana wuce tankokin ruwa, yana wuce shanyar da ke kan igiya, yana bi ta kan yara masu dawowa daga Islamiyya, ba ya sauri yanzu, kamar yana duba gidajen ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna cewa arhar fili ce ta kawo ni Orozo da na yi ritaya. Ummanka ta san ba ita ba ce.

Kun sha yi mini tsiya a kan yadda ba na wuce mai tallan nono ban tsaya ba. Tambaya nake yi. Shekarun baya kaɗan, a kasuwar Gudu, na gamu da wata dattijuwa zaune da ƙoranta. Na sayi fura, na tambaye ta ko sun taɓa zama bayan tudun Orozo.

Ta ce, "Mun zauna, Alhaji. Can aka kai ni ina amarya."

Na ce, "Kun taɓa tashi a tsakiyar damina?"

Ta ci gaba da dama fura. Ta ce, "Mun taɓa. Mutanen gwamnati sun zo sun shuka duwatsu masu lamba a wurin kiwo. Ardo ya ce ƙasar da aka shuka wa dutse ba ta sauran zama."

Na ce, "Ba wanda ya ji rauni a lokacin? Ko mutum, ko saniya?"

Ta ɗago ta dube ni sosai. Ta ce, "Alhaji, shanu suna mutuwa, mutane suna mutuwa, rugage kuma da yawa suka zauna a wurin. Wanne zan tuna maka? In ƙara nono?"

Na dawo gida ban san ko sauƙi na samu ko ƙarin kaya ba. Ban tabbata rugarsu ce na gani ba. Duwatsun dai na san su, mai yiwuwa ma hannuna ne ya kafa. Na faɗa maka wannan ne don ka san wanda za ka tarar a cikin ciyawa. Sau da yawa mutum ne da ubansa ya yi farauta a wurin tun kafin wani irina ya ja layi a takarda ya ce nan gandu ne. Ban ce ka ƙyale shi ba. Amana ka ɗauka, in aka bar su ba za a bar wa jikokinka ko mazo ɗaya su gani ba. Kama shi, karɓe bindigarsa, kai shi inda doka ta ce. Amma ka tuna yana da gida, kuma an ajiye masa tuwo.

Ga abin da na daɗe kafin in gane game da sauri. Harsashi mai sauri lokaci yake saya maka. Tunda naka yana kaiwa inda nasa ba ya kaiwa, kai ne ba ka da dalilin gaggawa. Tsaya nesa da inda dalmarsa za ta iso, sa itace mai kauri a gabanka, ka ɗaga murya ka yi masa magana da harshen da yake ji. In ya firgita ya harba, dalmar za ta faɗi a ciyawa kafin ta zo gare ka, kuma kafin ya sake ɗuri sai ka gama alwala. Kada ka harbi motsin ganye, kada ka harbi launi, kada ka harbi abin da ba ka ga fuskarsa ba. Kafin ka dubi abin da ke gaban bindigarka, dubi abin da ke bayansa: in ba ƙasa ba ce ko dutse da zai tare harsashi, sauke hannunka. Ko harbin iska da za a ce ku yi don tsoratarwa, ka sani abin da ya hau sama saukowa yake, kuma ba ya tambayar kan wa.

Na kai nan a rubutun sai Ummanka ta shigo da kayanka da ta goge. Ta ce, "Malam, me kake ta rubuta wa yaron nan tun hantsi?"

Na karanta mata. Ta saurara har na zo wajen tsayawa bayan itace, sai ta ajiye kayan a kan gado.

Ta ce, "Adaka? Wa ya gaya maka har yanzu adaka suke ɗauka? Kowa na faɗa, masu shiga dajin yanzu wasunsu irin bindigarsa gare su, ko ma wadda ta fi. Kai kuma kana ce masa ya tsaya ya yi musu sallama. Rubuta masa: in ya ga motsi, ya riga su. Ni ɗana nake so ya dawo, ba labarin kirkinsa ba."

Na ce, "In ya dawo da irin abin da na dawo da shi fa?"

Ta ce, "Kai ai ka dawo. Duk shekarun nan ina zuba maka tuwo kana ci, kana zama a ƙofar gida kana kallon sama, na taɓa cewa na gaji? Ya dawo ya zauna kusa da kai ku kalla tare. Rubuta, Malam, ko in kira ƙanwarsa Hauwa ta rubuta mini tawa."

To ga shi na rubuta, ban rage mata ko harafi ba. Kuma ba zan ce maka ƙarya take ba. Daji ya canza tun bayan da na bar shi, akwai ranar da jiran da na ce ka yi zai iya zama ajalinka. Na san haka lokacin da nake rubutawa, kuma ban janye ba. Na ɗanɗani zama da abin da ba a sani ba, ba na so ka ɗanɗani zama da abin da aka sani. Wannan ita ce shawarata, ita na yarda da ita, ita zan maimaita a gaban kowa.

Sai dai kada ka ɗauka tsohon naka dutse ne. Da na fita sallar azahar ɗin nan, na sa goshina a ƙasa zan roƙa maka hannu mai haƙuri, sai na ji maganar Ummanka ce ke fita daga bakina. Na daɗe a sujadar ina neman tawa, ban same ta ba.

Allah kada ya nuna maka ranar da za ka zaɓa tsakanin maganata da tata. Allah ya tsare ka a tafe da a zaune, ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa da abokan aiki masu hankali. Ka riƙe salla, ka riƙa duba takalminka kafin ka sa ƙafa. Ƙannenka suna gaishe ka, Ummanka ta sa maka albarka, ni ma na sa.

Allah ya dawo mana da kai.

Wassalam,
Mahaifinka.